Fita da ɗalibai waje: karatu ne ko yawo?

Tambaya: Ni mataimakin shugaban wata makarantar sakandare ne. Malaminmu na kimiyya yana so a riƙa fita da ɗalibai fili da bakin rafi, har da kwana a sansani, yana cewa a can za su fi koyon kimiyya da shugabanci. Wasu iyaye sun ce ɓata lokaci ne ga yaran da jarrabawa ke gabansu, wasu kuma tsoro suke ji. Shin akwai amfani na gaske, kuma ta ina za a fara?

Amsa: Malam, amfanin yana nan, kuma babba ne, sai dai yana da sharaɗi. Ana iya cika mota da ɗalibai a kai su gindin dutse ko bakin kogi, su wuni suna ɗaukar hoto, su dawo a gajiye ba su ƙaru da komai ba. Iyayen da suka kira irin wannan ɓata lokaci ba su yi ƙarya ba. Fita tana zama karatu ne idan an tafi da tambayar da yaro ba zai sami amsarta ba sai ya auna da hannunsa, aka ɗora masa wani nauyi wanda idan ya yi sakaci da shi zai ga sakamakon da idonsa, sannan aka zauna bayan an dawo aka warware abin da ya faru. Na daɗe ina aiki da malamai a wannan fanni, kuma shirye-shiryen da na ga sun mutu, yawanci zaman nan na ƙarshe aka fara yarwa.

Wannan gargaɗi ba sabo ba ne. John Dewey, masanin ilimi ɗan Amurka wanda ake jingina wa ra'ayin koyo ta hanyar aikatawa, shi da kansa ya rubuta a 1938 cewa ba duk abin da yaro ya fuskanta ne ke ilimantar da shi ba, akwai ma wanda ke toshe masa hanyar koyo a gaba. Yaron da aka tilasta wa hawan dutse yana rawar jiki abokansa na yi masa dariya ya koyi darasi, amma darasin shi ne kada ya sake yarda a fita da shi. A 1984 David Kolb, shi ma masanin ilimi ɗan Amurka, ya tsara abin a matsayin zagaye: a aikata, a yi nazarin abin da ya faru, a fitar da ƙa'ida daga ciki, a koma a gwada ƙa'idar. Yawancin tafiye-tafiyen makarantu a matakin farko suke tsayawa.

Bari mu ɗauki rafin da malaminku ya ambata, domin a gani a ƙasa. Tambayar ita ce: ruwa nawa ke wucewa ta nan a kowace daƙiƙa? Kayan aikin igiya ce, da sanda mai alamar santimita, da agogon waya, da guntun kara. A sami wurin da rafin ya miƙe kuma ruwan bai wuce ƙwauri ba, a auna tsawon mita 10 a gefensa, a saki karan daga sama, a ga daƙiƙa nawa zai yi kafin ya iso ƙarshen igiyar. Ƙungiya ta farko ta sami daƙiƙa 25, ta biyu 31, ta uku 22. A littafi amsa ɗaya ce tak, a nan ga uku, kuma babu wanda ya yi maguɗi. Sai gardama ta kaure. Idan malami ya iya kame bakinsa, can za ka ji wani ya ce ai nasu karan a tsakiya aka sake shi, na waɗancan kuwa ya bi ta gefe inda ciyawa ke riƙe ruwa. Wata ta ce mai riƙe da agogo ne ya yi jinkirin dannawa. Su da kansu za su yanke cewa a riƙa saki daga wuri ɗaya, a maimaita sau biyar, a ɗauki matsakaici. Abin da malami ke shan wahalar bayani a kan allo game da kuskuren awo da dalilin maimaita gwaji, ga shi sun gano da ƙafarsu cikin ruwa.

Daga nan sai lissafi. A ce matsakaicin ya tsaya a daƙiƙa 25, gudun ruwan sama ya zama mita 0.4 a daƙiƙa. Ruwan da ke kusa da ƙasa ya fi tafiya a hankali saboda gogayya da duwatsu da yashi, shi ya sa masu wannan aiki ke ninka wancan gudun da kusan 0.8, a sami 0.32. Faɗin rafin mita 2, matsakaicin zurfinsa bayan an soka sanda a wurare da dama mita 0.2. Idan aka ninka gudun da faɗin da zurfin, lita 128 ke wucewa a kowace daƙiƙa. Kalli fuskar yaro lokacin da wannan adadi ya fito daga ɗan rafin da yake tsallakewa ba tare da ya kula ba. Idan aka dawo bayan ruwan sama aka sake aunawa, aka ga adadin ya ninka kuma ruwan ya yi ja, tambayar inda jan ya fito za ta kai su ga zaizayar ƙasa ba tare da an tura su ba.

Ba dole sai da rafi ba. Gwangwanin da aka cire wa sama da ƙasa, a ɗan kafa shi a turɓaya, a zuba kofi ɗaya na ruwa, a ga tsawon lokacin da zai tsotse: sau ɗaya a hanyar da ɗalibai ke takawa kullum, sau ɗaya a ƙarƙashin bishiya inda ganye ke ruɓewa. Bambancin zai yi musu bayanin dalilin da ya sa ruwa ke kwanciya a wani wuri ya nutse a wani. Tsawon bishiya ana samunsa daga inuwarta idan an gwada ta da inuwar sanda mai mita ɗaya. Har girman duniya ana iya aunawa da inuwa. Eratosthenes, masanin Girka da ya zauna a Masar, ya yi haka wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS): ya san cewa a wata rana ta shekara rana tana tsayawa tsaye cak a garin da yau ake kira Aswan, alhali a Iskandariya inuwar tsakar rana tana karkata da kusan digiri 7.2, wato kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Ya ninka nisan garuruwan biyu sau 50, ya sami tsawon kewayen duniya. Makarantu biyu, ɗaya arewa ɗaya kudu da ita da tazarar ɗaruruwan kilomita, za su iya maimaita wannan a rana ɗaya ta waya. Makarantar da ke son awonta ya wuce allon ajinta kuma tana iya duba shirin GLOBE, wanda aka fara a 1995 da hannun NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, inda ɗalibai a ƙasashe fiye da 100 ke auna gajimare da ruwan sama da zafi da ƙasa da ruwa bisa ƙa'ida ɗaya, su saka sakamakon a rumbun da masana ke amfani da shi. Yaron da ya san wani masani zai karanta adadinsa ba ya rubuta shi da ka.

Akwai wani abu da ya kamata malaminku ya sani kafin ya yi tunanin tafiya mai nisa. A 1978 John Falk da abokan aikinsa sun gwada yara a dajin wata cibiyar bincike ta Smithsonian a Amurka, suka ga cewa waɗanda wurin ya zame musu baƙo ƙwarai hankalinsu ya tafi ga kallon wurin, aikin da aka ba su bai shiga ba sosai, waɗanda suka saba da irin wurin kuwa sun koyi abin da aka je koyo. Saboda haka komawa wuri ɗaya sau da yawa ya fi zuwa wurare da yawa sau ɗai-ɗai. Zuwan farko na kalle-kalle ne, a bar su su yi. A zuwa na uku ne yaro zai ce, Malam, wancan karon wannan ciyawar ba ta yi fure ba. Wannan ya yi wa makarantar da ba ta da kuɗi daɗi, domin wurin da ya fi dacewa sau da yawa bayan katangarta yake.

Batun shugabanci ya fi wuya, kuma a nan aka fi yaudarar kai. Tarihinsa na zamani ya fi komawa ga mutum biyu. Robert Baden-Powell ya kai yara maza 20 sansani a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, ya raba su ƙananan ƙungiyoyi, kowace yaro ne ke jagorantarta, daga nan harkar Sikawut ta samo asali. Na biyun shi ne Kurt Hahn, Bayahude ɗan Jamus da ya jagoranci makarantar Salem tun 1920, aka tsare shi a 1933 saboda sukar Hitler, ya fice zuwa Birtaniya ya kafa makarantar Gordonstoun a Sikotland a 1934. A 1941 shi da Lawrence Holt, mai kamfanin jiragen ruwa, suka buɗe makarantar Outward Bound ta farko a Aberdovey da ke Wales, ana tsakiyar yaƙi, domin horar da matasa, musamman masu aikin jirgin ruwa. Daga tunaninsa ne lambar yabo ta Duke of Edinburgh da ake ba matasa ta fito a 1956, kuma cibiyar Man O' War da aka buɗe a gaɓar tekun Kamaru a 1951 a kan wannan tsari aka gina ta.

Abin da mutane ke mantawa game da Hahn shi ne bai tsaya ga wahalar da jiki ba. A Gordonstoun ɗalibai ne ke gadin gaɓar teku suna duba jiragen da suka shiga matsala, kuma suna da ƙungiyar kashe gobara ta gaske da ke fita idan wuta ta tashi a yankin. Ya yi imani cewa matashi yana girma ne ranar da ya gane ana bukatarsa. Ni ma a nan na tsaya. Gudu da tsalle-tsallen igiya da ihun umarni suna iya gina jiki da ladabi, amma shugabanci yana tsirowa ne inda wasu suka dogara da shawarar yaro.

Ga yadda abin yake a aikace. A raba ɗalibai shida zuwa takwas a ƙungiya, a ba su taswira da kamfas da wurin da za su isa kafin wani lokaci. Ɗaya shi ne jagoran yini, tsarin da makarantar koyar da jagoranci a daji ta NOLS da Paul Petzoldt ya kafa a jihar Wyoming ta Amurka a 1965 ta shahara da shi. Wani yana riƙe da lokaci, wata tana lura da ruwan sha, wani yana bayan kowa domin kada a bar mai rauni. Malami yana biye da su, yana gani, ba ya magana. Sun iso mararraba, jagora ya ce dama, malami ya san hagu ce. Idan kuskuren tafiyar rabin sa'a kawai zai jawo, to ya yi shiru ya bi su. Wannan shirun shi ne abu mafi nauyi da nake koya wa malamai, domin duk tarbiyyarsu ta gyara kuskure ce tun bai faru ba. Amma da zarar ya buɗe baki, jagorancin ya koma hannunsa, yaron ya zama ɗan riƙon taswira.

Da yamma a zauna a da'ira. Kada a tambaye su ko sun ji daɗi, kowa zai ce e. A tambaya: a daidai ina aka fara zargin an ɓata? Wa ya fara lura? Kusan kullum akwai wadda za ta ce a hankali, ni tun a mararraba na ga rana ta koma gefen da bai kamata ba. Sai a tambaye ta abin da ya hana ta faɗa, a tambayi jagora ko ya nemi ra'ayin kowa kafin ya yanke. Ba zaman neman mai laifi ba ne, kuma malami ya tsare wannan iyaka sosai. Jagoran zai tashi da sanin cewa mai shiru a ƙungiyarsa tana iya riƙe da abin da ya fi bukata, ita kuma za ta tashi da sanin cewa shirunta ya jawo wa mutum bakwai tafiyar banza. Gobe ita ce jagora. Juyawar nan dole ce. Makarantu sun saba ba masu baki da masu jiki muƙami, sauran su gama karatu ba a taɓa tambayar su shawara ba, kuma idan aka fita waje aka sake ba waɗancan ɗin, an maimaita aji ne a fili. Tambaya ta ƙarshe a zaman ita ce a ina irin wannan ke faruwa a aji ko a gida, domin darasin ba ya bin yaro ya koma makaranta da kansa, sai an gina masa gada.

To me bincike ya nuna? A 1997 John Hattie da abokan aikinsa uku sun tattara bincike 96 a kan shirye-shiryen irin na Outward Bound. Sun sami tasiri matsakaici, 0.34 a ma'aunin masana, a kan abubuwa kamar yarda da kai da iya jagoranci da zama da mutane. Abin da ya ba su mamaki shi ne da aka sake gwada mahalartan bayan watanni, ribar ta ƙaru maimakon ta zube kamar yadda aka saba gani a sauran shirye-shiryen ilimi. Sun kuma ga cewa shirye-shirye masu tsawo, na sama da kwana 20, sun fi tasiri, kuma shirye-shiryen sun bambanta ƙwarai, wasu ba su haifar da komai ba. Game da makin jarrabawa kuwa, cibiyar Education Endowment Foundation ta Ingila, wadda ke tace irin waɗannan bincike domin makarantu, ta ce hujjar da ke akwai a kan shirye-shiryen kasada na waje ba ta isa a yanke hukunci ba. Don haka, Malam, kada ku yi wa iyaye alkawarin cewa sansani zai ɗaga maki. Abin da za ku iya tsayawa a kansa shi ne aikin awo irin na rafin nan yana cikin manhajar kimiyya da lissafi da labarin ƙasa, ana koyar da shi ne a inda ya fi shiga. Akwai kuma ribar lafiya da aka tabbatar: a wani gwaji a makarantun firamare na Guangzhou a ƙasar Sin, wanda aka wallafa a 2015, an ƙara wa wasu yara minti 40 a waje kowace ranar makaranta, bayan shekara uku kashi 30 cikin ɗari nasu ne suka kamu da matsalar rashin gani daga nesa, a sauran kuwa kusan kashi 40.

Iyayen da ke jin tsoro su ma suna da hujja, kuma ban yarda a raina su ba. A watan Nuwamba 1971 ɗalibai biyar da wata mai taimaka wa jagorarsu sun mutu cikin guguwar ƙanƙara a tsaunukan Cairngorm na Sikotland. A watan Maris 1993 ɗalibai huɗu sun nutse a Lyme Bay da ke kudancin Ingila, bayan an fita da su teku cikin ƙananan kwale-kwale tare da masu horarwa da ba su ƙware ba. A shari'ar ta bayyana cewa wasu tsofaffin ma'aikatan cibiyar sun riga sun rubuta wa shugabanta gargaɗi, ba a saurare su ba. An ɗaure shugaban kamfanin, kuma a 1995 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta wajabta lasisi ga cibiyoyin da ke fita da yara irin waɗannan ayyuka. A duk biyun, manya ne suka yanke shawarar da ta kashe yara.

Daga nan ƙa'idar take fitowa: yaro yana jagorantar abin da kuskurensa gajiya ce ko jinkiri ko jiƙewa, babba yana riƙe da duk abin da kuskurensa rai ne ko rauni. Ba a tattaunawa da jagoran yini a kan ko za a shiga ruwa mai zurfi. Malami ya je ya taka wurin da ƙafarsa kafin ranar, ya san inda mota za ta iya isowa da asibitin da ya fi kusa da inda waya ke kamawa. Ya san mai asma da mai farfaɗiya da mai sikila a cikin yaransa, maganinsu yana jakarsa. Manya ba sa gaza biyu ko da ƙungiyar ƙarama ce, ɗaya ya iya agajin gaggawa, akwai malama idan da 'yan mata, kuma babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai. Ana ƙirga kai a tashi, a kowace tsayawa, da kuma a dawowa. Rafin da yake ƙwauri da safe yana iya cika cikin mintoci idan an yi ruwa a can sama inda ba ku gani, saboda haka da hadari ya haɗu a fita daga kwari. Sauti yana tafiyar kusan kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku: idan tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, a shiga gini ko mota, a kauce wa bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, kuma a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe. A lokacin zafi a yi aikin da sassafe, a sa lokacin shan ruwa ya zama umarni. Sannan a rubuta a takarda wanda ke da ikon soke tafiya a safiyar ranar, ko da an biya kuɗin mota, kuma kada a taɓa yi masa faɗa don ya soke.

Game da inda za a fara, shawarata ku bar maganar sansani tukuna. A zangon farko a ware darasi mai tsawo ɗaya a mako ko a mako biyu, cikin harabar makaranta, kowane fita a ɗaure shi da wani batu na manhaja da malamin zai iya nunawa da yatsa. Kowane ɗalibi ya riƙe littafin fili: kwanan wata, yanayin sama, zanen wurin, adadin da ya auna har da waɗanda suka fito a karkace, da layi biyu a kan abin da zai canja idan ya sake. Wannan littafin ake dubawa a ba da maki, kuma shi za ku ajiye a gaban iyaye a taron ƙarshen zango, ɗalibai su yi bayanin lita 128 ɗinsu da bakinsu. Uban da ya ce ɓata lokaci ne ya fi saurin sauka idan ɗansa ne ke riƙe da allin. A zango na biyu a fita tafiyar wuni ɗaya zuwa wurin da ƙafa ke kaiwa, da taswira da jagoran yini. Kwana a waje ya zo bayan malaman sun saba da aikin kuma an ga halin kowane yaro a fili.

Idan lokacin sansanin ya yi, ku duba jerin waɗanda ba su kawo takardar izini ba kafin ku duba na waɗanda suka kawo. A ciki za ku sami wanda iyayensa ba su da kuɗin, da yarinyar da ba a yarda ta kwana a waje ba, da mai keken guragu da kowa ya ɗauka ba da shi ake ba. Sau da yawa su ne waɗanda ba a taɓa ba jagoranci ba. A nemo kuɗin na farko daga asusun makaranta ba tare da an sanar da aji ba, a gayyaci mahaifiyar ta biyu ta zo ta ga wurin kwanan 'yan mata da malamar da za ta kwana da su, a zaɓi hanyar da keken na uku zai bi. Idan duk da haka mutum goma za su rage a gida, gara a mayar da shi tafiyar wuni biyu a jere, kowa ya kwana a gidansu.